Bindiga Marar Nauyi da Farautar Barewa a Amurka: Harbin Farko Shi Ne Harbi

Gabatarwa

Duk shekara idan watan Nuwamba ya kama, miliyoyin mutane a ƙasar Amurka sukan saɓa bindigoginsu su shiga daji farautar barewa. Gwamnatin kowace jiha ita take sanya ranar buɗe farautar da ranar rufe ta, ita take sayar da lasisi, ita kuma take ƙayyade yawan dabbobin da mutum ɗaya zai iya kashewa. Ana ƙiyasta cewa maharban ƙasar suna kashe barewa mai farin bindi kimanin miliyan 6 a kowace shekara, amma duk da haka dabbar ba ta ƙare ba.

A tsakanin waɗannan maharba akwai wata tsohuwar muhawara a kan wata irin bindiga gajera, marar nauyi, wadda take ɗura wa kanta harsashi bayan kowane harbi. Wasu suna ganin ita ce ƙarshen gwaninta, wasu kuwa suna ganin ɓata maharbi take yi. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, bindigar tana da amfani, amma amfaninta yana da iyaka wadda lissafi ya shata, kuma abin da ake tallata ta da shi, watau saurin harbi na biyu, shi ne mafi ƙarancin daraja a cikin halayenta. Ɗalibin da ya san ɗan abin da ake koyarwa a darasin fiziya na babbar sakandare zai iya bin hujjojin da kansa, da fensir da takarda.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mai karatu ya san cewa dabbar da muke kira barewa a nan ba ita ce barewar da aka sani a dazuzzukanmu ba. Barewarmu da gada da gwanki dangin shanu da awaki ne, ƙahonsu yana nan tare da su har mutuwa. Ita kuwa ta Amurka daga wani dangi daban take, namijinta ne yake da ƙaho, ƙahon kuma na ƙashi ne mai rassa kamar itace, yana faɗuwa duk shekara wani ya fito. Babban namiji yakan kai nauyin kilo 60 zuwa 130. Rashin wani suna nata a Hausa ya sa muka ara mata sunan barewa.

Yadda bindigar take aiki

Sunan da ake kiran gajeriyar bindiga da shi, watau karbin, ya samo asali ne daga sojan doki na Turai, waɗanda doguwar bindiga take yi musu wuyar riƙewa a kan sirdi. Ita kuwa dabarar ɗura wa kai harsashi ta shiga fagen farauta ne a farkon ƙarni na 20. A shekarar 1906 kamfanin Remington ya fara sayar da wata bindigar farauta mai wannan hali, wadda John Browning ya tsara.

Akwai hanyoyi fiye da ɗaya na sa bindiga ta ɗura wa kanta harsashi, amma wadda aka yi amfani da ita a bindigogin da za mu ɗauka misali ita ce ta iskar albarushi. Idan maharbi ya ja kunama, albarushin da ke cikin kwanson harsashi yakan kama da wuta, ya koma iska mai zafi da matsi, iskar ta tura ƙwayar harsashi ta cikin bututun bindiga. A jikin bututun akwai wata 'yar ƙaramar huda. Da zarar ƙwayar ta wuce ta, sai wani ɓangare na iskar ya bi ta hudar ya bugi wani ɗan fistan, shi kuma ya tura sakatar bindiga baya. Sakatar ta fizgo kwanson da ya zama fanko ta jefar, sa'an nan sifirin ya mayar da ita gaba, ta kwaso sabon harsashi ta sa shi a mazauninsa. Duk wannan yana faruwa kafin ƙiftawar ido.

A lura, ja ɗaya na kunama harbi ɗaya ne kawai. Wannan shi ya bambanta ta da bindiga mai sarrafa kanta irin ta yaƙi, wadda take ta aman wuta muddin yatsa yana danne da kunama.

Misali biyu sun ishe mu. Na farko ita ce karbin ɗin M1, wadda sojan Amurka suka karɓa a shekarar 1941. Nauyinta kusan kilo 2.4 ne, an ƙera fiye da miliyan 6 a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bayan yaƙin kuma da yawa daga cikinta sun faɗa hannun farar hula, wasu suka shiga daji da ita. Ta biyu ita ce wadda kamfanin Ruger ya fitar a 1961 musamman domin farautar barewa. Nauyinta kusan kilo 2.6, tsawon bututunta santimita 47, ma'ajiyarta tana ɗaukar harsashi huɗu irin wanda ake kira .44 Magnum, wanda asali harsashin ƙaramar bindigar hannu ne. An daina ƙera ta a 1985, kamfanin ya sake fitar da wata mai kama da ita mai suna Deerfield daga 2000 zuwa 2006.

Kowane allazi da nasa amanu

Wanda ya wuni yana hawa tudu yana gangara kwari cikin sanyi da ƙanƙara ya san bambancin kilo 2.6 da kilo 4. Gajeriyar bindiga ba ta maƙalewa a rassan itace, kuma tana da saurin kaiwa kafaɗa. Wannan gaskiya ne. Sai dai rashin nauyi yana da farashi, kuma Niyuton ya rubuta farashin tun a 1687, a cikin ƙa'idarsa ta uku: duk ƙarfin da ya tura wani abu gaba, akwai daidai da shi da ke tura mai turawar baya. Wannan shi ne shurin da bindiga take yi wa kafaɗar mai harbi.

Mu yi lissafi. Ƙwayar harsashin .44 Magnum da aka fi amfani da ita tana da nauyin giram 15.6, kuma tana fita daga bakin karbin da gudun kusan mita 540 a sakan ɗaya. Idan muka ninka nauyi da gudu, watau kilo 0.0156 sau 540, za mu sami 8.4. Wannan adadi shi ake kira momentam, kuma ita ma bindigar daidai da shi take samu, amma zuwa baya. Mu raba 8.4 da nauyin bindiga. Mai kilo 2.6 za ta komo da gudun mita 3.2 a sakan, mai kilo 4 kuwa mita 2.1 kawai. Kuzarin motsi shi ne rabin nauyi sau gudu sau gudu, saboda haka marar nauyin tana kai wa kafaɗa kusan jul 13 da rabi, mai nauyin kuwa bai cika jul 9 ba. Mun bar nauyin iskar albarushi a gefe domin sauƙi, amma ko an saka shi hukuncin bai canza ba: harsashi iri ɗaya, shuri ya ƙaru da fiye da rabi, don kawai an rage nauyin bindiga.

Masu ƙera makamai sun san wannan sarai. Hanyar da suke bi su kauce masa ita ce su haɗa bindiga marar nauyi da harsashi marar ƙarfi sosai. To, a nan ne matsala ta biyu take fitowa. Ƙwayar harsashin M1 tana da nauyin giram 7.1 da gudun mita 607 a sakan, watau kuzarinta a bakin bindiga kusan jul 1,300 ne. Ta .44 Magnum tana da kusan jul 2,270. Idan aka kwatanta da harsashin .30-06, wanda ake sa wa dogayen bindigogin farauta, ƙwaya mai giram 9.7 da gudun mita 887 tana ɗauke da kusan jul 3,800.

Nawa ake buƙata a kashe barewa nan take ba tare da an wahalar da ita ba? A tsakanin maharban Amurka akwai wata ƙa'ida da aka saba faɗa, cewa kada kuzarin ya gaza kusan jul 1,350 a lokacin da ƙwayar ta isa jikin dabbar. Harsashin M1 bai kai haka ba tun daga bakin bindiga, balle bayan ya keta iska mita ɗari. A Ingila kuwa ba a bar abin ga al'ada ba. Dokar barewa ta 1991 ta hana harbin manyan barewa da bindigar da kuzarin harsashinta bai kai jul 2,305 ba. A wannan ma'auni, M1 ta faɗi warwas, ita ma ta Ruger ta ɗan gaza kaiwa ga layin. Kuzari kaɗai ba shi ne komai ba, domin faɗin ƙwayar da yadda take buɗewa a cikin nama su ma suna da tasiri, shi ya sa harsashin .44 mai faɗi da nauyi yake aiki sosai a kusa. Kalmar da za a riƙe ita ce kusa.

Dalilin ba boyayye ba ne. Daga lokacin da ƙwaya ta bar bututu, ƙasa ta fara jawo ta, kamar yadda take jawo dutsen da aka saki daga hannu. Nisan faɗuwar shi ne 4.9 sau lokaci sau lokaci. Ko da a ce iska ba ta rage mata gudu ko kaɗan, ƙwaya mai gudun mita 540 tana buƙatar sakan 0.185 ta kai mita 100, kuma a cikin wannan lokaci ta faɗo santimita 17. Kafin ta kai mita 200 ta ɗauki sakan 0.37, ta faɗo santimita 67. An ninka nisa sau biyu, faɗuwa ta ninka sau huɗu. A zahiri abin ya fi haka muni, domin iska tana cin gudun ƙwaya mai faɗin kai da sauri. Wurin da ake son harsashi ya sauka, watau zuciya da huhu, faɗinsa bai wuce na farantin cin abinci ba, santimita 20 zuwa 25. Ana iya daidaita ma'aunin saiti ya biya bashin faɗuwar a nisa ɗaya, amma ba a kowane nisa ba. Saboda haka wannan bindiga ta daji mai duhu ce, inda itatuwa ba sa barin ido ya ga abin da ya wuce mita 50 zuwa 100. Wanda ya ɗauke ta zuwa fili ya harbi barewa a mita 200, caca yake yi da ran dabba.

Batun harbi na biyu

Babbar hujjar masu son wannan bindiga ita ce, idan harbin farko ya kuskure ko ya raunata dabbar, na biyu yana nan a shirye ba tare da an ɗauke ido daga saiti ba. Suna cewa wannan jinƙai ne ga dabbar. Akwai gaskiya a ciki. Barewar da ta faɗi tana shure-shure ta cancanci a gama da ita da sauri. Har ila yau, da yake sakata da sifirin suna shimfiɗa shurin bindiga a kan ɗan lokaci mai tsawo, kafaɗa ba ta jin zafinsa sosai, kuma wanda ba ya tsoron shuri ba ya runtse ido lokacin jan kunama. Wannan yana taimakon tsofaffi da matasa da duk mai ƙaramin jiki. Ban musanta ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Amma mu tambayi kanmu abin da barewar da ba ta faɗi ba take yi bayan ƙarar farko. Gudu take yi, kuma tana iya kai kilomita 48 a awa ɗaya, watau mita 13 a sakan. A nisan mita 100, a cikin sakan 0.185 da ƙwaya take tafe, barewar ta matsa kusan mita biyu da rabi, abin da ya fi tsawon jikinta. Ke nan wanda ya auna kafaɗarta zai harbi iskar da ke bayan bindinta. Dole ya auna gabanta, ya yi hasashen inda za ta kasance, alhali tana tsalle tana kauce wa itatuwa. Idan ƙwayar ta same ta ma, ta fi yiwuwa ta sauka a cinya ko a ciki, dabbar ta ɓace cikin daji ta mutu bayan kwanaki da ruɓaɓɓen rauni. Idan kuwa ba ta same ta ba, ƙwayar ba ta tsayawa don an kuskure. Tana ci gaba da tafiya cikin dajin da wasu maharba suke ciki.

Abin da ya fi damuna shi ne tasirin bindigar a zuciyar mai riƙe da ita. Mutumin da ya san harsashi ɗaya ne a gabansa yakan jira dabbar ta tsaya, ta ba shi gefe, ya daidaita numfashinsa. Wanda ya san akwai huɗu a baya yana iya gaggauta na farkon, da tunanin sauran za su gyara. Masu iya magana sun ce sauri ya haifi nawa. Bindiga ba ta tilasta wa kowa gaggawa, amma tana sauƙaƙa ta, kuma duk kayan aikin da ya sauƙaƙa kuskure yana buƙatar mai hankali fiye da na kullum.

Wasu hukumomi a Amurka sun ga haka. Jihohin Niyok da Mishigan sun yarda a yi farauta da irin wannan bindiga, amma sun hana ta ɗauki harsashi fiye da 6. A jihar Fensilbeniya, ɗaya daga cikin jihohin da suka fi yawan maharban barewa, hukumar kula da namun daji ta halatta ta a 2017 domin ƙananan dabbobi, amma ta ƙi halatta ta domin barewa, bayan ta ji ra'ayin maharban jihar, waɗanda akasarinsu ba su goyi baya ba. A ganina hanyar Niyok da Mishigan ta fi daidai. Ta bar wa tsoho da matashi sauƙin kafaɗa, ta bar harbin jinƙai, ta kuma rufe ƙofar ruwan harsashi.

Abin da ya ceci barewar Amurka

Wani zai ce, tun da farauta tana da wannan haɗari, me zai hana a haramta ta gaba ɗaya? Tarihi ne zai ba shi amsa. A wajen shekarar 1900 barewa mai farin bindi ta kusa ƙarewa a Amurka, abin da ya rage bai wuce dubu 500 ba, saboda sare dazuzzuka da kuma masu kashe ta suna kai nama da fata kasuwa. A lokacin bindigar da muke magana a kanta ba ta ma shiga kasuwa ba. A yau ana ƙiyasta yawanta da kusan miliyan 30, alhali bindigogi sun fi na da yawa da inganci nesa ba kusa ba.

Doka ce ta kawo wannan sauyi. Dokar Lacey ta 1900 ta hana ƙetare iyakar jiha da naman dabbar da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba, jihohi kuma suka rufe kasuwar naman daji. Dokar Pittman-Robertson ta 1937 ta ware harajin da ake ɗora wa bindigogi da harsasai, wanda a yau kashi 11 cikin 100 ne a kan dogayen bindigogi da harsasai, domin a raba wa jihohi su kula da namun daji da wuraren zamansu. Watau maharbi da kuɗinsa yake biyan albashin masanin da zai ƙidaya dabbobin ya faɗa masa nawa zai kashe. Daɗin daɗawa, kyarkeci da damisar dutse waɗanda suke rage yawan barewa a da an kawar da su daga mafi yawan gabashin ƙasar. Inda barewa ta yi yawa fiye da kima, takan cinye ƙananan itatuwa kafin su girma, ta yi ɓarna a gonaki, ta kuma haddasa haɗarin mota. Maharbi mai lasisi shi ne ya maye gurbin kyarkeci.

Domin mu ga abin da yake faruwa idan saurin harbi ya zo babu doka, ba sai mun je nesa ba. Mariri, farar dabbar nan mai dogayen ƙahoni masu lanƙwasa, ya yi zamani yana yawo garke-garke a bakin Sahara, a Nijar da Cadi da maƙwabtansu. Maharban gargajiya sun daɗe suna farautarsa ba su ƙarar da shi ba. Da motoci masu keta rairayi da bindigogin zamani suka iso, ga fari, ga yaƙi, ga ƙarancin makiyaya, sai ya ɓace. A shekarar 2000 aka bayyana cewa babu shi a daji ko'ina a duniya. Sai a 2016 aka fara dawo da shi Cadi daga waɗanda ake kiwo a tsare, a 2023 kuma aka cire shi daga jerin dabbobin da suka ƙare a daji. Ƙarfe iri ɗaya ne a Fensilbeniya da bakin Sahara. Abin da ya bambanta shi ne ko akwai mai ƙidaya, da mai hanawa, da mai jin hanin.

Kammalawa

Gajeriyar bindiga mai ɗura wa kanta harsashi kayan aiki ne mai kyau ga wanda ya san iyakarta: daji mai duhu, nisan da bai wuce mita 100 ba, harsashi mai isasshen kuzari, da dabbar da ke tsaye. A wajen wannan iyaka, rashin nauyinta da saurinta ba sa amfanar dabba, ba sa amfanar maharbi. Hukuma ta gari ba ta duban surar bindiga, tana duban adadi ne: jul nawa, harsashi nawa, dabba nawa, a wane wata.

Ina kira ga malaman fiziya da na lissafi da su ɗauki adadin da ke cikin wannan maƙala su ba ɗalibai su sake lissafawa a aji. Su canza nauyin bindiga zuwa kilo 3, su canza nisa zuwa mita 150, su ga abin da zai fito. Malaman nazarin halittu kuma su tambayi ɗalibansu dalilin da ya sa ƙasar da ake kashe barewa miliyan 6 a shekara take da barewa miliyan 30, alhali yaro zai iya girma a ƙauyukanmu da yawa bai taɓa ganin gwanki da idonsa ba. Ɗalibin da ya iya amsa waɗannan tambayoyi biyu ba zai ƙara yarda da tallar kowane kayan aiki ba sai ya tambayi farashin da ba a rubuta a jikinsa ba.